Barkonon Alassani Tada-Sa

Duk wanda ya taɓa shiga kara, kasuwar shanu, a Lome ya san Alassani Tada-Sa, mutumin Zongo. Ba dillali ba ne, ba mahauci ba, ko akuya bai taɓa mallaka ba. In tirela ta iso daga Dapaong bayan kwana biyu a hanya, ba ruwa ba ciyawa, akan tarar shanu biyu ko uku sun zube, sauran sun tattake su. Wadda ta kasa tashi ba ta da daraja, in ta cika kafin wuƙa kuwa ta zama mushe. Sai a ƙwala kira: “Ina Tada-Sa?”

Zai zo da ƙullin dakakken barkono a aljihu. Ya naɗe wutsiya a hannu, ya murɗa har ka ji ƙas. In ta ƙi, ya dangwalo barkono da babban yatsa ya cusa mata a ido. Wallahi ko rai ya kai maƙogwaro sai ta miƙe. Rabonsa a wajen mahauta ita ce wutsiyar. Shekara talatin matarsa Meimuna tana farfesunta, kullum a karye take zuwa gida.

Wata Laraba ya cusa wa wata farar saniya barkono a idanu duka biyun. Ta tashi, ta yi taku uku, ta kife. Da aka yanka ta aka farke cikinta sai ga ɗan maraƙi yana harbin iska, wani mahauci ya ture shi cikin kwata da ƙafa, aka ci gaba da hira. Alassani ya koma gida ya dafa Alƙur'ani a gaban Meimuna, ya rantse ba zai ƙara tada dabba da azaba ba, nama kuma ya bar shi.

Kai, Zongo da baki! Masu cewa tsoho ya zama zomo, masu cewa ya haramta halal. Shi dai amsarsa ɗaya: “Ban ce haram ba ne. Na dai san hanyar da yake bi kafin ya iso tukunya.” Ya koma taya Meimuna sayar da ayimolu a kasuwar Adawlato, shinkafa da wake da ɗan mai, shi ne cinsa safe da rana. Yakan ce wake ya riƙe shi shekara huɗu cur, kuma bai taɓa jin wake ya yi kuka ba. Rantsuwar nan ita kaɗai ce abin da yake taƙama da shi a duniya.

Sai 'yarsa tilo, Zuhra, ta haifi namiji. Ranar suna mijinta Munir ya iso da rago a bayan zemijan, wato babur ɗin haya, ɗaure tamau tun jiya, kai yana reto kusa da taya. Aka kwance igiya, rago ya ƙi tashi. Liman ya duba ya girgiza kai, ya ce ragon da ba ya iya tsayuwa ba ya yin suna. Ga baƙi cike da tabarmi, an riga an raba goro. Ido duk ya koma kan Alassani.

“Ku ba shi ruwa, ku sa shi a inuwa,” in ji shi. “Zuwa azahar zai tashi da kansa.”

Wa zai jira? Liman yana da wani sunan a unguwar Tokoin. Meimuna ta matso ta ce a hankali, “Malam, rantsuwa fa.”

Hadjara, gwaggon Munir, mace mai baki kamar reza, ta cafe: “Rantsuwa ana yi mata kaffara. Kunyar jikanka fa, da me za a wanke?”

Bai kula ta ba. Amma Zuhra ta leƙo daga ƙofar ɗaki, ido jawur, ta ce, “Baba, don Allah. Kada a ce ɗana ya rasa rago kana zaune.”

Nan fa Alassani ya miƙe. Ya ce a kawo barkono daga madafa. Hannu bai manta ba, ko kaɗan. Rago ya kurma ihu, ya zabura ya miƙe yana layi, mata suka rangaɗa guɗa, wani ya ce ashe Tada-Sa na nan da ransa. Aka yanka, liman ya raɗa suna: Alassani.

Sau uku ya wanke hannu da sabulu, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Aka miƙo masa takwara cikin farin zane. Ya karɓa, ya tofa addu'a a tafi, ya shafa wa jaririn a fuska kamar yadda kowane kaka yake yi. Ya manta barkono ba ya barin ƙarƙashin farce da wuri.

Yaron ya sandare, ya tsala ƙara, ya runtse ido yana harba ƙafafu. Zuhra ta fizge ɗanta tana tatsa masa nono a ido, mata na ta salati suna tambayar me ya cije shi. Alassani bai tambaya ba. Shekara talatin yana jin wannan kukan.