Gidan da Yaya Ya Gina wa Inna

Shekarar da aka ba mu jiha, yayana ya samu kujera a Gusau, kansa ya ɗau zafi. Ya dawo Shinkafi da zanen gida a naɗe cikin hammata, ya ce ɗakin ƙasar Inna, mahaifiyarmu, zubar masa da girma yake yi. Zai rushe, ya gina mata na zamani.

Tsohon maginin unguwarmu ya dubi zanen, ya dubi filin, ya ce, "Alhaji, wanga gida gabas ka ba shi ƙofa? Ai ruwanmu daga gabas shike taho. Ga gilasai ka jera yamma, rana za ta dafa tsohuwa. Juya shi kudu, kuma ka bar mata tsamiyarta."

Yaya ya ce, "Baba, titi na gabas. In gida ya ba titi baya, wa zai san an yi shi?" Tsamiya ma aka sare, wai tana kare wa matafiya fenti.

Ruwan farko, iska ta koro shi ta ƙofa har ƙarƙashin gadon Inna. Ni da ita muka wuni kwalfa da kwanon sha. Da bazara kuwa, rana na karkata sai ta shigo ta gilashi, kwanon rufi na zubo nasa zafin daga sama. Inna har jiƙa zane take ta yafa kafin ta iya sallar La'asar.

Sai Shari'a ta zo, Yaya ya tsayar da gemu, ya farga cewa masu wucewa ta bayan gida na hango matan gidan ta taga. Oho, sai yanzu! Ya sa aka toshe tagogin da bulo, iskar da ke ɗan shigowa ma ta yanke. Wallahi raina ya ɓaci. Na faɗa masa, ya ce ni ban waye ba.

Wata rana bayan Azahar Inna ta ƙulle kayanta, ta ce in kai ta Gurbin Bore wajen ƙanwarta. Yaya ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna, mi gidan ya rasa?"

Ta ce, "Ba abin da ya rasa, ɗana, sai wurin da mutum zai zauna."

Ni na sa ta a mota. Can ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin aro, kuma har yau ina jin ciwon abin.