Mehar Din da Gemun Sardara

Mehar Din wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami, a ƙauyen Tibba da ke gefen kogin Canab. Bai taɓa buɗe shago ba. Zabirarsa ce shagonsa, a ciki akwai aska biyu, almakashi, dutsen wasa aska, guntun alif da wani kwanon sabulu da ya gada wurin ubansa. Da hantsi yakan rataya ta ya bi gida-gida, ko ya zauna a gindin bishiyar dandali, mai buƙata ya zo ya tsuguna a gabansa. Ba a biyansa kai-kai. In an yi girbin alkama kowane gida yakan auna masa rabonsa, kamar yadda aka auna wa ubansa.

Aikin wanzami a Tibba ya wuce aski. Shi ke aske gashin jariri ranar suna, shi ke yin kaciya. In an sa ranar biki shi ke kai gayyata, in an yi rasuwa shi ke kai labari, kuma shi ke tsayawa a kan manyan tukwanen shinkafa har baƙi su ƙoshi. Da wuya a sami namiji ɗan ƙasa da hamsin a ƙauyen da bai taɓa tsala ihu a hannunsa ba. Duk da haka, mutum ne mara magana. Matarsa Sugran takan ce in ka ga bakin Mehar Din na motsi, to abinci yake ci. Mutane na sakin baki in aska ta hau wuyansu, shi kuwa abin da ya ji a wannan gida ba ya kai shi wancan.

Cikin waɗanda yake yi wa aski akwai Sardara, manomi, sa'ansa, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa. Harshen Sardara ya fi askar kaifi. Kowace Juma'a, shekara arba'in, gaisuwarsu ba ta canza ba.

"Ga mahaucin gari ya iso. Yau ma rago ka ɗauke ni?"

"Rago ya fi ka hankali, shi yana tsayawa wuri ɗaya. Rufe baki."

A shekarun nan samarin yankin suka yi ta tafiya Turai ta ɓarauniyar hanya, wasu ta ƙasa, wasu ta teku. Wanda ɗansa ya tsallaka sai ya tayar da bene hawa uku, tsoho da tsohuwa su kwana a ɗaki ɗaya na ƙasa, sauran ɗakunan tantabaru su gaje su. Tanwir, ɗa tilo ga wani manomi mai suna Inayat, shi ma ya tafi. Wata biyu da tafiyarsa aka bugo waya cewa jirgin ruwansu ya kife. Ko gawa ba a samu ba.

Rana ta uku ta zaman makoki, maza na zaune a kan gadajen igiya a ƙofar gidan Inayat, hukka na zagayawa, kowa ya zuƙi taba daga dogon bututun ya miƙa wa na kusa. Wani ya ce teku ba ta da tausayi. Wani ya ce haka Allah ya rubuta. Da bututu ya zo hannun Sardara, sai ya riƙe shi bai zuƙa ba.

"Ku bar ɗora wa teku," in ji shi. "Teku ta zo Tibba ta ɗauke shi ne? Mu muka kai mata. Kowa so yake benensa ya fi na maƙwabci, a sayar da gona a tura yaro. Wanda ya sayar da gonar nan shi ya haƙa kabarin, kabarin ma babu."

Inayat na zaune bai fi taku uku da shi ba. Ya tashi ya shiga gida.

Da a da ne, da maganar ta tsaya a ƙofar gidan. Amma wani daga dangi yana ɗaukar zaman da waya don 'yan'uwan da ke Italiya su ga masu ta'aziyya. Kafin gari ya waye an yanko wurin da Sardara ke magana, ya zagaye wayoyin ƙauye bakwai. 'Ya'yan da ke Turai suka yi ta bugo wa iyayensu, suna cewa ashe zufarmu kuke ci kuna barin a zage mu.

Dattawa suka taru a zauren mai gari, Caudri Fazal, suka yanke wa Sardara taba da ruwa. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ba mai miƙa masa hukka, ba mai shan ruwa a kwanonsa, mai tanderu ba za ta gasa masa gurasa ba, mai tarakta ba zai shiga gonarsa ba, wanzami ba zai taɓa kansa ba. Wanda ya karya kuwa, shi ma ya bi shi. Tunda kai labari aikin wanzami ne, Mehar Din ne ya bi gida-gida ya faɗa, har gidan Sardara.

"Na ji," in ji Sardara. "Ka gaya musu tabarsu ma ba ta da daɗi."

Juma'a biyu Mehar Din bai taka gidan ba, kuma bai ji nauyin hakan ba, don shi ma yana fushi. Shi ya aske gashin Tanwir yana ɗan kwana bakwai, shi ya yi masa kaciya, shi ya gyara masa gashin baki na farko yaron na ta jin kunya.

Juma'a ta uku ya hango Sardara a sahun ƙarshe a masallaci, an bar masa fili dama da hagu. Ashe Sardara ya gwada yi wa kansa aski. Haɓarsa ta sha yanka wuri huɗu, ga jini ya bushe a wuyan riga, ga gashi tsibi-tsibi inda reza ba ta kai ba. Mehar Din ya koma gida ya zauna ya daɗe yana duban zabirarsa.

"Me kake kallo kamar yau ka fara ganinta?" in ji Sugran.

"Juma'a biyun da suka wuce, fushina ne ya hana ni zuwa. Yau na duba ban sami fushin ba. To yanzu wa ya riƙe ni?"

"Cikinka ya riƙe ka, tsoho! Bikin jikan Caudri saura wata biyu, tukunya goma sha biyu. Girbi na tafe. Za ka zubar da aikin kakanka saboda gemun Sardara, gemun da ko akuya ba za ta yi alfahari da shi ba?"

"Za a iya ƙaurace mini, na sani."

"Ka sani, amma za ka je."

Ya rataya zabira. Akwai lungu ta bayan turken ɓaunayen kiwo da ke ɓullewa gidan Sardara ba mai gani. Bai bi ta nan ba. Ya bi ta tsakiyar gari da la'asar sakaliya, yana gai da mutane suna amsawa.

Sardara na zaune shi kaɗai a tsakar gida. Da ya gan shi sai ya kau da kai, ya daɗe yana gyaran murya.

"Ka zo ka ce na yi gaskiya ke nan?"

"Aski na zo yi. Wa ya yi maka wannan aika-aika, kaza ce ta tsattsage ka?"

"Gaskiya na faɗa, Mehar. Kai ma ka sani."

"Wataƙila. Ɗaga haɓa." Ya shafa sabulu a hankali, yana kauce wa miki. "Shekara hamsin ina wannan sana'a, ban taɓa ɗora aska a fuskar da ban jiƙa ba, komai kyan askar. Kai ka ɗora wa mutum a bushe, kwana uku da mutuwar ɗansa."

Sardara ya bari aka ƙarasa askin. Da aka gama ya jawo hukkarsa, ya zuba garwashi, ya miƙo bututun da hannu biyu.

"Ba zan sha ba," in ji Mehar Din. "Kar ka ce Caudri ne ya hana ni. Ni ne ban shirya ba tukuna. Sai Juma'a."

Washegari aka kira shi zauren mai gari. Dattawa na zaune a kan gadaje, shi ya tsaya riƙe da zabira.

"Mehar Din," in ji Caudri Fazal, "kai ka kai saƙon nan gida-gida da bakinka. Ko ka manta abin da ke ciki?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Na kai shi yadda aka ba ni."

"To goyon bayansa kake yi?"

"A'a. Ya yi mugun abu, na gaya masa a fuskarsa. Duk wanda ya ce ba zai ƙara zama da Sardara ba, ban ga laifinsa ba. Bakinsa nasa ne, ya yi ɓarna da shi, yana girbar abin da ya shuka. Gadonka naka ne, ka hana shi zama. Kwanon kowa nasa ne. Amma a taru a gaya mini wanda zan yi fushi da shi, da ranar da zan huce, wannan ne ban iya ba. Hannun nan nawa ne, ranka ya daɗe."

"Madalla," in ji Caudri. "To mu ma fuskokinmu namu ne."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Wasu suka ɗauka gatse ya yi. Har zuciyarsa yake nufi. Daga ranar gindin bishiya ya zama kango. Maza suka koma shagon da ke bakin titi, mai madubai da kujera mai juyawa. Mehar Din bai je ƙofar kowa ya yi roƙo ba, bai kuma zagi kowa ba. In ya haɗu da wanda ya bar shi, yakan gaishe shi, ya dubi askin ya ce, "Yaron nan na bakin titi ya iya, sai dai yana cinye gefen kunne."

Ranar bikin jikan Caudri aka ɗauko masu girki daga birni. Mehar Din na zaune a gida, iska na kawo ƙamshi. Ya ɗaga hanci ya ce wa Sugran, "Sun ƙona albasa." Ranar bai ci abinci ba. Da girbi ya zo, gida biyar ne kawai suka auna masa, su ma ta bayan katanga. Sugran ta yi kwana uku tana masifa, a rana ta huɗu ta ƙara gurasa biyu a kan waɗanda take gasawa, ta naɗe a tsumma ta cusa masa a zabira.

"Ka kai wa tsohon banzan nan. Don marigayiya matarsa na yi, kar ya ɗauka don shi ne."

Haka aka yi wata bakwai. Wata safiyar Alhamis, Mehar Din na wasa askar da ba ta da aiki, sai aka yi sallama. Inayat ne. Tun ranar da aka bugo wayar nan bai bari an taɓa fuskarsa ba, gemu ya cika ya yi fari fat, shi kuma ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya tsuguna a gaban wanzamin ba tare da ya dube shi ba.

"Kar ka yi mini maganarsa."

"Ba zan yi ba."

"Wace aska kake yi masa da ita?"

"Mai farin ƙota."

"To ɗauko ɗayar."

Mehar Din ya rage gashin da almakashi, ya kira Sugran ta kawo ruwan ɗumi. Ya jiƙa, ya shafa sabulu. Ya kai rabin kumatu ke nan sai Inayat ya yi magana, idonsa a rufe.

"Yaron ba ya son tafiya, Mehar. Cewa ya yi, Baba, bar ni in yi noma, ina son ɓaunayen nan. Ni na ce dubi gidan wane, dubi gidan wane. Ni na kai shi tasha."

Mehar Din ya ɗaga askar daga fata ya jira. Hawaye na gangarowa suna yin hanya a cikin kumfa. Bai ce haka Allah ya rubuta ba. Ya sa babban yatsa ya share, ya sake shafa sabulu inda ya wanke, ya jira har haɓar ta daina rawa, sannan ya ci gaba. Askin da yakan gama kafin shayi ya huce, ranar sai da rana ta hau katanga.

Inayat ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya miƙe, ya gyara rawani. Ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya.

"Ban yafe masa ba. Ban san ko zan yafe ba."

"Ba wanda ya ce ka yafe."

"Yaushe kake zuwa wurinsa?"

"Juma'a."

"To ni Alhamis zan riƙa zuwa. Ka gaya wa Sugran ruwan ya yi zafi da yawa."