Garken da na ɗauka na baban Asma'u ne

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da Hajiya Kulu ta hana ni danna maɓalli ɗaya a kwamfuta ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ni ne malamin ba da shawara a wata sakandaren 'yan mata a Kalgo, Hajiya Kulu kuma shugabar makaranta. Aikina in taimaki masu kammalawa su zaɓi inda za su ci gaba. A shekarar muna da Asma'u, 'yar wata ruga kusa da Dalijan, yarinya mai kan lissafi. Burinta ta karanci harkar kuɗi a ƙasar waje, kuma jami'o'i biyu suka ɗauke ta.

Ta farko mai suna ce. Ta yafe mata rabin kuɗin karatu, sauran rabin da masauki da abinci suna wuyan iyaye har shekara huɗu. Ta biyu ƙarama ce, sai da na nemo garin da take a taswira, amma tana duba ƙarfin gida: in ta tabbatar babu hali, sai ta ɗauki komai. Ni dai suna ya ruɗe ni. Har na fara hango yadda za a riƙa nuna ni a taron malamai.

Na taɓa ganin garken mahaifinta, Baffa Jaɓɓi, a hanyar Gwandu, ya cika fage. Da ya zo makaranta na tambaye shi a gaban Asma'u ko zai iya cika rabin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in kun ga shi ad daidai, Allah shi hore." Na rubuta cewa ya amince.

Ranar Laraba, saura kwana uku a rufe karɓar amsa, na buɗe shafin babbar jami'ar zan tura. Hajiya ta shigo, ta karanta takardar da na rubuta amincewar Baffa a tsaye.

"Mi yac ce maka da bakinai?" ta tambaya. Na maimaita mata.

"Wagga ba amsa ba ta, kunya ta. Ka tambaye shi shanun na wa na?"

Raina ya ɗan sosu, don ina ganin na san aikina. Amma ta sa direba ya fito da motar makaranta, muka nufi rugar.

Hajiya ba ta tambayi adadi ba, domin makiyayi ba ya ƙirga dabbobinsa a gaban baƙo. Hira kawai ta ja, tana yaba wata jar saniya. Baffa ya ce ai ta wani ɗan kasuwar Gwandu ce, amana. Waɗancan gadon ƙannensa mata ne. Waccan sadakin uwar Asma'u ce. Nasa na kansa ya nuna da sanda, na ƙirga a zuci, ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Na ce, "Baffa, da na tura fa?"

"Da na sai da su," in ji shi. "Malami ya tambaye ni gaban ɗiyata, ƙaƙa zan ce ban iyawa?"

Nan take na yi lissafi. Shanun ba za su kai ta ƙarshen shekara ta biyu ba. Da ta dawo ba digiri, shi kuma ba garke.

Washegari muka rubuta wa ƙaramar jami'ar bayanin kiwon amana dalla-dalla, ardon yankin ya sa hannu a matsayin shaida. Suka ɗauki nauyinta gaba ɗaya. Yanzu tana shekarar ƙarshe.

Abin da na koya shi ne, takardar neman tallafi tana son a faɗi rashi ƙarara, mutanenmu kuwa an raine su a kan rufe shi. Aikinmu mu je mu gani, kada mu tsaya a kan amsar ofis.

Bayan tafiyar Asma'u, Baffa ya kawo mini kwalbar man shanu, yana ta sa mini albarka. Kunya ta hana ni kai ta gida. Na ajiye a teburin Hajiya na ce tata ce. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗauki abinka. Daga shanun da kas so ka sa Baffa shi sai da yaf fito."