Yadda Na'ura Ke Kiran Agiye

Ina koyarwa a wata lakol, wato makarantar boko, kusa da garin Agiye lokacin da na koma karatu a Maraɗi. Bincikena a kan yaran da ke ɓacewa daga aji ne da zarar an fara roron wake. Na zauna gaban na'urar ɗakin karatu, na buga "lakol" da "Agiye". Ta ce babu komi. Raina ya ɓaci, har na ce a fili, "Wato mu ba mu cikin duniya ke nan?"

Wata abokiyar karatuna, ƴar Cadakori, ta jawo kujera. Ta kira ni yadda ake kiran malamin lakol, ta ce, "Mushe, kafin ka taɓa ta, tambayi kanka wa ya rubuta abin da kake nema, kuma da wane harshe." Muka sa Aguié irin rubutun buro, wato na ofisoshin gwamnati, muka haɗa da yadda Faransanci ke faɗin barin lakol. Sai ga rubuce-rubuce sun cika fuskar na'urar.

Har yau ina yi wa abokiyar nan addu'a. Ashe yaranmu suna ciki tun tuni, sai dai ba da sunan da muke kiransu aka ajiye su ba.