Ranar da Inna Ta Kare Ɗan Wani

Ko da tsufa zai sa in manta lambar gidana, ba na jin zan manta Asabar ɗin da na je jarrabawar kendo tare da mahaifiyata.

Kendo wasan takobi ne na Japanawa, amma da sandar gora ake yin sa. Mutum zai sa kaya masu duhu har ƙasa, ya ɗaura sulke a ƙirji, ya kifa kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska, sannan ya kurma ihu ya kwaɗa wa abokin karawarsa sanda a ka. Na fara ne bayan likita ya ce hawan jini na neman kama ni, wani abokin aikina ya ja ni wurin horonsu a Takoma Park, nan Amurka inda nake zaune. Sau biyu ina shiga jarrabawar shodan, wato matakin farko na ƙwarewa, ina faɗuwa. Malaminmu, wani dattijo Bajapane, ya ce hannuna ya iya, amma ina duka kamar mai neman gafara. Na ƙudurta in na sake faɗuwa, na bar wasan ke nan.

A lokacin Inna ta zo daga Zariya don ta kula da matata da ta haihu. Ban taɓa gaya mata abin da nake yi ba. Ta yaya injiniya mai 'ya'ya uku zai ce wa uwarsa yana zuwa a doke shi da gora? Kullum sai in ce na tafi motsa jiki. Ranar jarrabawa kuwa ta ce zaman ɗaka a gidanmu da ke Lanham ya ishe ta, za ta bi ni ta sha iska. Na kasa hana ta. A mota na so in yi bayani, kunya ta sa na ce wasa ne kawai.

Na zaunar da ita cikin 'yan kallo, na je na shirya. Alƙalai biyar suna jere a tebur, fuska ba annuri, zauren tsit. Aka haɗa ni da wani baƙar fatar Amurka, tsayinmu ɗaya, jikinmu ɗaya, ga fuska a rufe. Ita kuma Inna ta baro tabarau ɗinta a gida.

Aka ba mu izini. Na tuna maganar malam, na kurma ihun da ban taɓa yi ba, na sauke masa gora a tsakiyar ka. Na ƙara masa a wuyan hannu. Sai na ji muryar da na sani tun ina goye ta cika zauren.

"Kai mugu, ka sakar min ɗa. Me ya yi maka? Allah ya isa."

Inna ce. Na hango ta ta cikin ragar ƙarfe a tsaye, tana nuna ni da carbi. Ba dama in tsaya in ce Inna ni ne, domin wanda ya juya ya faɗi. Haka na ci gaba da duka, ita kuma tana ci gaba da kai ƙarata wurin Allah. Da mutumin ya samu ya rama, sai na ji ta ce, "Yauwa, ƙara masa."

Bayan an gama muka cire kwalkwali. Inna ta nufi mutumin da sauri, ta tsaya turus, ta dube shi, ta dube ni.

"Wato kai ne mugun?"

Na ce ni ne. Ta ce sai na ba shi haƙuri a gabanta. Na ba shi, na kuma fassara masa duk abin da ta faɗa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce uwarsa ta rasu da daɗewa, rabonsa da wanda zai tsaya masa haka har ya manta. Inna ta ce in gaya masa ya zo gida ya ci tuwo.

Da aka liƙa sakamako, mu biyun duk mun ci. Inna ta kwana biyu tana janye Allah ya isan da ta yi min, tana cewa ai laifina ne da na rufe ta. Gaskiyarta. Tun daga ranar na koyi cewa abin da kake jin kunyar gaya wa iyayenka, gara ka zaunar da su ka faɗa musu da bakinka a gida, kafin su gano shi da kansu a gaban alƙalai biyar.