Turo min na baya

Baba Fensir ake ce masa, don tun kafin kwamfuta ta shigo ofishin nan fensir ba ya barin bayan kunnensa, har da shi yake shiga wanka in ji matarsa. Mai zane ne a kamfanin masu gina titi. Injiniyoyi su yi lissafi, shi ya zana, a kusurwar kowace takarda ta ƙasa akwai ɗan akwati inda ake sa sunan wanda ya zana, to akwatin nan shi ne duk abin da Baba ya mallaka a duniya. Gida na haya ne, mota babu, ido ya tafi a kan layi. Saura kaɗan ya yi ritaya, burinsa ɗaya kawai, ya fita da sunansa fes, a ce bai taɓa zana abin da aka rushe ba.

Da kwamfuta ta zo ya koya da ƙyar, yara suna dariya yana latsawa da yatsa ɗaya kamar mai kashe kiyashi. Kuma ofishin nan kowa sunan da ya ga dama yake sa wa fayil, shi ma Baba haka. Ka buɗe ka ga kwalbati, kwalbati gyara, kwalbati na ƙarshe, na ƙarshe na gaske, har da na ƙarshe wallahi.

Kwalbatin nan kuwa baki biyu aka fara zana mata, sai aka sake auna ruwan da ke bi ta wurin aka ce bai isa ba a mayar uku. Baba ya mayar uku, ya buga, ya ajiye wa Injiniya a kan tebur da hannunsa.

Ran nan da hantsi sai ga waya, Injiniya ne daga wurin aiki, injin kwaɓa siminti na ta ruri a bayansa.

"Baba turo min zanen kwalbati a waya, na baya!"

"Ranka ya daɗe na baya wanne?"

"Na baya mana Baba, haba! Sai na zo na riƙe maka hannu?"

Ƙit ya kashe. Baba ya zauna yana kallon fayil, ya ce a ransa to ai sabon yana hannunsa, ni na ba shi, ke nan na da yake so ya gwada su. Bai san takardar tana nan kan tebur an ɗora mata kofin shayi ba. Ya so ya sake kira, ya tuna tsawar yaron da a haife ya haife shi, sai ya fasa. Ya tura mai baki biyu.

Aka kafa katako aka ɗaure rodi aka zuba kankare ya bushe ƙam. Masu duba aiki suka zo suka ƙirga baki, ɗaya, biyu, ina na ukun? Suka ce a rushe.

A ofishin Manaja, Injiniya ko ido bai ƙifta ba.

"Na ce na baya, wato na baya-bayan nan. Ko ba Hausa nake ji ba?"

"Yallaɓai na baya ai shi ne na da," in ji Baba. "In ka ce shekarun baya, gobe kake nufi?"

"To in na ce wanda ya zo daga baya fa?"

Manaja ya ce shi ba makaranta ya buɗe ba, ya ja zanen ya ɗora yatsa a kusurwa. "Sunan wa ke nan?" Sa hannun Injiniya babu, don ta waya aka tura. Sunan Baba ne kaɗai. Shi ke nan fa aka sallame shi, ba walima ba na gode, maigadi ya riƙe masa ƙofa.

Matarsa ta ce, "Maigida da ka sake kira."

"Da na sake kira da an ce na tsufa."

"To yanzu me aka ce?"



Da ya koma ɗaukar rularsa sai ya tarar an gyara komai, kowane fayil da lamba da kwanan wata, ba mai turawa sai an sa hannu. Tsofaffin zane kuma an buɗe musu wuri guda a kwamfuta. Yana tsaye a bayan sakatariya, ba ta gan shi ba, ta ɗaga murya ta ce wa sabon mai zane, "Wannan ya mutu, jefa shi Baba Fensir." Ya leƙa allon, wallahi haka aka rubuta sunan wurin tsofaffin zanen. Ya ɗauki rularsa ya fita ko sallama babu.

Yanzu ta titin nan yake raka jikarsa makaranta, kwalbati na nan da bakinta uku, ɓaraguzan ta farko a gefe rodi ya yi tsatsa, ba wanda ya kwashe. Yarinyar ta ja hannunsa ta nuna wannan ta nuna wancan.

"Kaka, Mama ta ce kai ka zana. Wacce ce taka?"

Ya taɓa bayan kunnensa, ba komai a wurin.

"Ta baya," ya ce.