Malam Hambali da Ladanin Koki

Idan aka idar da sallar asuba a unguwar Shahuci, Malam Hambali ba ya komawa gado. Yakan sha kokonsa a tsaye, ya rataya jakar awon jini, ya turo tsohon kekensa ta lungu har bakin titi. Kwanan nan ya ajiye aikin jinya, bayan ya yi furfura a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, amma gidajen da yake leƙawa da sassafe ba su san da wata ritaya ba. Nan ya miƙar da hannun wadda ɓarin jikinta ya shanye, can ya tambayi uwar mai farfaɗiya ko an sha magani. Babu wanda ya sa shi.

A Koki kuwa, da ka ambaci sunansa labarin Baba Isyaku za a ba ka.

Baba Isyaku ladan ne a wani ƙaramin masallaci na unguwar. Bai taɓa ɗaura agogo ba, jikinsa ne ke gaya masa lokaci, matan unguwa ma da muryarsa suke ɗora tukunya. Wata rana hawan jini ya kayar da shi a wurin alwala. Allah ya tashi kafaɗunsa, ƙafa ta dawo, sai dai wanda aka sallamo daga asibiti kamar ba shi ba. Ya yini yana barci, ya kwana ido biyu. Ya tsaya a tsakar gida ya kira sallar da lokacinta bai yi ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa matarsa murya ba ya koma zagin Inna Asibi a gaban masu dubiya. Unguwa ta ɗauka cewa Ladan ya taɓu. Da abin ya ishi babban ɗansa Zaharaddeen, sai ya sa wa ɗakin tsohon kwaɗo.

A haka Malam Hambali ya same su, don shi ya yi jinyar tsohon a asibiti, ya biyo ya ga jiki. Inna Asibi ta shimfiɗa masa tabarma, ta kasa haɗa ido da shi.

"Malam Hambali, ba wahalar ce ta dame ni ba," in ji ta. "Tun ina yarinya nake zaune da Malam Isyaku. Ashe abin da ke ransa game da ni ke nan?"

"Inna, ba daga zuciyarsa yake fitowa ba," ya ce, yana taɓa goshinsa. "Nan ciki akwai wurin da ke riƙe wa mutum harshe. Ciwon ne ya taɓa shi. Malam ɗin da kika sani shi ne na gaskiya."

Ta share ido da bakin mayafi.

Ya juya ga ɗan. "Zaharaddeen, ƙwaƙwalwa tana da agogonta, hasken safiya ne ke saita shi. Kun kulle Baba a ɗaki mai duhu. Ta ina zai san gari ya waye?"

"Malam, ba son raina ba ne. Ni ina wurin aiki. In ya fita mota ta kaɗe shi fa?"

"Gaskiyarka. To buɗe, ni zan riƙa zuwa."

Ya kuwa zo. Kullum da hantsi zai riƙo Baba Isyaku zuwa dakalin ƙofar gida, ya zaunar da shi yana fuskantar rana, ya ja shi da hira don kada ya gyangyaɗa. Ya mayar da shi wurin likita aka gyara masa magani. Ya roƙi Inna ta daina ba shi shayi bayan la'asar, a kuma rage fitila da an yi isha'i. Ba a sha da daɗi ba. Ranar da tsohon ya fusata ya maka masa sanda a gwiwa, Malam Hambali ya shafa wurin ya yi dariya.

"Alhamdu lillahi, Baba, hannun nan ya fara ƙarfi."

Damina ta shiga ta fita kafin barci ya koma wurinsa. Zagin ya ragu, ko da yake har gobe yakan suɓuce, kuma yanzu Inna Asibi tsaki kawai take yi ta miƙa masa ruwa. Wata Laraba Baba Isyaku yana zaune a ƙofar masallaci, ya dubi inuwar bango ya ce a hankali, "Azahar ta yi." Liman ya duba agogo, ya miƙa masa lasifika. Muryar ta fito a karye, tana rawa, amma a kan lokaci. Masu shago suka tsaya cak. Inna Asibi tana tankaɗe a gida, ta ajiye rariya ta zauna daɓas. Malam Hambali ba ya wurin, yana wani gidan a Ƙofar Nassarawa. Da Zaharaddeen ya kira shi a waya yana kuka yana dariya, shi ma sai ya hau hamdala.

Malam Hambali, kai ne mai buɗe ɗakin da aka kulle. Kai ne ka zauna da waɗanda danginsu suka fara jin kunyarsu, ka sha zagi da sanda ba ka riƙe kowa a rai ba. Ka nuna mana cewa ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce, tana ciwo kamar ƙafa, kuma mai ciwonta bai daina zama uban wani ba. Mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da mai riƙe hannunka ranar da naka ya raunana.

Mu kuma da muka rage, kusan kowane lungu akwai gidan da ke da irin wannan majinyaci, an sakaya shi a ƙuryar ɗaki. Kada mu jira Malam Hambali, ƙafarsa ba za ta kai ko'ina ba. A kai shi wurin likita. Gobe da safe kuma a yi sallama, a riƙo hannunsa, a fito da shi ya sha hantsi.